Turai 'Yar Yasore

A tashar Batsari, mata biyu suna jiran motar Katsina. Dattijuwar ta hango katin asibiti a hannun ɗayar.

"Baiwar Allah, me ke damunki?"

"Ciwon dajin nono ne, Inna."

"Kul, kada ki bari su sa miki wuƙa, daji ba ya son ƙarfe. Wata Turai 'yar Yasore suka yanke wa, gashinta ya zube, ko wata ba ta rufa ba ta rasu."

"Allah sarki. Kin je gaisuwa?"

"Ƙafa ta hana ni, amma ƙanwata ta ci gumbar sadakar."

"Ta murnar sallamata ce, Inna. Ni ce Turai. Shekara biyu ke nan da aikin, dubawa kawai nake komawa, jiya ma gyaɗa na wuni cira."

Dattijuwar ta ƙare mata kallo.

"To, ni dai mai magani ya ce min kin mutu."

"Me ya kai ki wurinsa?"

Dattijuwar ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta.

"Wani ɗan ƙululu ne. Wata bakwai ina shafa garin maganinsa, yanzu ma ƙari zan karɓo."

"Matso kusa da ni, Inna. Yau gawa ce za ta raka ki asibiti."