Tukunyar da Anka Ƙaddamar Sau Uku

Jawabin Malam Kalilu Hodi, tsohon shugaban sashen walda na cibiyar binciken injinan noma, a taron tunawa da marigayi Injiniya Abdussamadu Maigandi, Badariya, Birnin Kebbi.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Wakilin masarauta, ranka shi daɗe. Malamanmu, Allah shi gafarta muku. Shugaban cibiyarmu da daraktocinka da kunka cika kujerun gaba, sannunku da zuwa. Hajiya Khadijatu, da ke Nazifa, da kai Zulkifli, Allah shi ba ku haƙurin rashin miji da uba. Matan gumi na Argungu, masu sana'ar turara shinkafa, da anka zaunar can baya cikin rana, na gan ku. Assalamu alaikum.

An ba ni jawabi a rubuce don in karanta. Ga shi nan cikin aljihuna, can za shi tsaya. An zaɓe ni don ana ganin tsoho mai walda bai da baki. An manta na yi ritaya, babu sauran kujerar da za a raba ni da ita.

Abdussamadu ya kasance mai binciken da ba shi jin kunyar baƙin mai a rigarsa. Shekara goma sha ɗaya da sunka wuce yaƙ ƙera tukunyar gumi, wadda ke turara shinkafa da ɓuntunta maimakon icce. Ni nih haɗa mata ƙarfe, don haka na san abin da nike faɗi. Aikin da mata ke yi kwana biyu cikin hayaƙi, tana gama shi tsakanin hantsi da la'asar.

Mi munka yi da ita? Munka ƙaddamar da ita sau uku. Duk sa'ad da babban baƙo za shi zo, sai a yaye tamfol, a ɗaura kyalle, a kira masu hoto. Karo na biyu tsakiyar damina ne, babu shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ko mudu ɗaya a cibiya. Sai wani darakta yas sa anka sawo buhun shinkafa 'yar waje a kasuwa, anka ɓoye cikin tukunyar. Baƙo yad danna maɓalli, farar shinkafa taz zubo, anka tafa. A tsakiyar ƙasar shinkafa munka yi wannan. Karo na uku sai anka ga cikinta ya yi duhu, ba za shi yi kyau a hoto ba, anka shafe shi da koren fenti. Tukunyar da za a dafa abincin mutane. Masu digiri uku-uku sunka zauna sunka yanke wagga shawara, kuma wasunsu suna kallona yanzu.

Mako uku ni da Abdussamadu muna kankare fentin nan. Ran da munka gama, yac ce mini: "Baba Kalilu, in tac ci gaba da zama nan, wata rana za su sa mata hula su ba ta sarauta. Mu kai ta inda aka yin gumi."

Ya kasance mutumin da bai yarda bincike shi mutu cikin sito ba. Shi yab buɗe wagga rumfa da muke zaune gabanta, wadda mutane ke kira Gidan Reno. Aikinta ɗaya ne: a ɗauko abin da anka ƙera a cibiyar gwamnati, a haɗa shi da masu sana'ar, a koya musu rajista da neman kasuwa, a riƙe su har su zama kamfani mai tsayawa da ƙafarsa. A cibiya dariya anka yi mishi. Anka ce injiniya guda ya koma dillali.

Kamfani na farko da yar rena shi ne na matan Argungu, su ashirin da shida, ƙarƙashin Inna Balaraba. Ina nan ranar da munka sauke tukunyar. Inna Balaraba taz zagaya ta, tal leƙa ciki, tac ce: "Ɗana, bakin wanga abu ya yi tsawo. Mu ba sojoji na ba. Da mi za mu ɗaga kwando har can?"

Shekara bakwai tana cibiya, babu wanda yal lura da haka, don babu wanda yat taɓa zuba mata komi sai ƙarya. Abdussamadu bai yi fushi ba. Yad durƙusa yana aunawa da tsawon hannunta, ni kuma niy yanke ƙarfen. Ya kasance mai jin magana daga bakin wadda ba ta san harafi ba. Sakamakon da yas samu daga ofis shi ne takardar tuhuma, wai ya rage wa kayan gwamnati tsawo ba da izni ba.

Yanzu ga abin da yas sa niƙ ƙi karanta takardarku. A doka, tukunyar nan ta cibiya ce, aro anka ba matan. Kafin kamfaninsu shi riƙe ta, kafin shi ƙera ta biyu, sai shugaban cibiya ya sa hannu a takardar lasisi. Shafi biyu ce. Shekara huɗu tana yawo daga tebur zuwa tebur. Kwamiti ya zauna kanta a otal, ya ci kaji, ya naɗa ƙaramin kwamiti. Abdussamadu shina kwance asibiti, ba shi iya tashi, abin da shike tambayar Hajiya kullum shi ne ko an sa hannu.

Ba a sa ba. Amma kwana tara bayan jana'izarsa, wata takarda taf fita cikin yini guda. An umurci matan Argungu su maido tukunyar kafin ƙarshen wanga wata, don za a ajiye ta cikin gilashi a zauren da za a sa wa sunansa. Wannan ce girmamawar da anka rubuta mini in yi muku albishir da ita. Ƙaddamarwa ta huɗu ke nan. Na tabbata har an sayi fenti.

Hajiya Khadijatu, ki gafarce ni, na san ba don faɗa kinka zo ba. Amma kin fi kowa sanin mijinki bai nemi zaure ba. Nazifa, Zulkifli, in kuna son ganin abin da babanku yab bari, kada ku nemi allon tagulla a bango. Ku tafi Argungu da hantsi, ku tsaya inda tururi ke tashi, ku dubi idanun matan da hayaƙi yad daina ci.

Ranka shi daɗe shugaba, ga kwafin lasisin nan na zo da shi, na ɗora shi bisa teburin da ke gabanka. Ga kuma alƙalamin marigayi, Hajiya ta ba ni shi da safe. Shina rubutu, na gwada.

Muna godiya ga duk wanda yat tako. Za a raba abinci yanzu, kuma shinkafar da za a zuba muku ba 'yar waje ba ce. Daga fadamar Zauro taz zo, cikin tukunyarsa anka turara ta jiya. Na kujerun gaba, ku ci a hankali ku ji ɗanɗanonta, don in kun ɗauke tukunyar, wagga ita ce ta ƙarshe.

Allah shi jiƙan Abdussamadu, shi yalwata kabarinsa, shi sa kowane kwando da anka sauke a Argungu shi zame mishi sadaka mai gudana. Allah shi raya zuriyarsa. Allah kuma shi ba hannun da ke kusa da alƙalamin nan ikon motsi tun muna zaune. Amin.