Ƙusoshin Rumfar Awo

Mai girma maigari, malam liman, shugaban kwamitin wannan aiki Alhaji Maman, ungozomarmu Inna Fati, iyayena maza da mata na Tajaye, assalamu alaikum.

Sunana Hidaya, matar Attahiru kafinta, wanda ya rufa wannan rumfa da muke zaune a ƙarƙashinta. An zaɓe ni in yi godiya a madadin masu juna biyu da za su riƙa jiran awo a nan, wai don na iya karatu. Na gode wa wanda ya ɗebo yashi, na gode wa wanda ya ba da katako. Amma takardar da aka rubuta mini, ba zan karanta ta ba.

Ranar Laraba ƙusoshin kwano suka ƙare, saura rabin rufi, ga shi an riga an sa ranar buki. Maigidana ya kawo mini gwangwani cike da tsofaffin ƙusoshi da aka ciro daga wani rusasshen shago. Ni na miƙe su da dutse, ɗaya bayan ɗaya, littafin soyayya a buɗe bisa cinyata, hankalina yana can wata duniya. Sai wata ta karye mini kamar tsinke. Na ce, "Maigida, waɗannan za su riƙe kwano?" Ya ce, "Ke dai koma ga littafinki. Bayan buki zan canza su." Tun ranar barcina bai yi daɗi ba. Ga abu uku da nake so ku sani.

Na farko, ƙusar kwano doguwa ce mai hula, tana huda katako, a lanƙwasa bakinta ta ƙasa. Ku ɗaga kai ku dubi ɓangaren gabas, inda aka buga tsofaffin: ko ɗaya ba ta fito ta ƙasan katako ba.

Na biyu, mijina ba mugu ba ne. An matsa masa, ya ji nauyin cewa a ɗaga rana. Ni ma da hannuna a ciki.

Na uku, ga hadari can yana haɗuwa, kuma kun san iskar farkon damina.

Baba Maman, na ga kana yi mini alama in zauna. Ka yi haƙuri. Maigida, ka yafe mini. Sau uku na roƙe ka a ɗaki ka canza su kafin yau.

Allah ya tsare wannan taro, Allah ya sauki kowace mace lafiya, Allah ya rufa mana asiri. Ni dai da cikina na wata bakwai, yanzu zan fita daga rumfar nan, kuma ba zan sake shigarta ba sai an canza ƙusoshinta.

Na gode.