Kada a Rufe Ajin Ƙarshen Baranda

Mai girma shugaban taro, mai girma daraktan ilimi, shugabar makarantarmu, iyayena maza da mata, makaɗa da mawaƙa, da 'ya'yana da ke layin gaba sun zuba wa hannuna ido, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in ce wani abu a ranar karrama mawaƙiyarmu, wadda ta ajiye waƙa a bana. Ni ce malamar ajin kurame, ajin nan na ƙarshen baranda, kusa da famfo. In kun ga hannuna yana yawo, ba faɗa nake yi ba, yarana nake gaya wa abin da nake gaya muku.

Na farko, yadda na san ta. Lokacin ba ta zama kowa ba, tallar sabulu take rerawa a rediyo, jitarta ma ta aro ce. Ta shigo ajina riƙe da hannun 'yarta, wadda zazzaɓi mai zafi ya tafi da jinta tun tana goye. Ta zauna a bencin yara ta ce, "Malama, duk garin nan yana jin muryata, ban da wadda na haifa." Na ce ta share hawaye, gobe ta zo da jitar. Da ta zo, muka kwantar da kumatun yarinyar a jikin katakon, uwar ta kaɗa. Yarinya ta zabura, ta leƙa ramin jitar tana neman abin da ke motsi a ciki, sannan ta ƙyalƙyale da dariya. Ranar ba a yi karatu ba, kowane yaro sai da ya ɗana.

Na biyu, abin da ta yi da sunan da Allah ya ba ta. Da ta yi fice, sai ta kafa sharaɗi: ba za ta hau dandamali ba sai da mai fassara da hannu a gefenta, kuma fitilar da ta haska ta ita za ta haska mai fassarar. Haka ta ja ni muka zaga gari da ƙauye. Na sha kunya, jama'a, domin har waƙoƙin soyayya na fassara surukaina suna zaune a gaba. Akwai wani mai shirya wasa da ya tura ni lungu bayan sifika, wai ina ɓata hoto. Ta ajiye makirfo, ta zauna a bakin dandamali ta ce, "Ba gaggawa, yallaɓai. In ka ga malamata, ka faɗa mini in fara." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba, da hannunsa ya juyo da fitilar.

Ta rubuta waƙa ta roƙi iyaye mata su kai jariri asibiti in jikinsa ya yi zafi. Ta rubuta waƙa ta roƙi iyaye maza su daina ɓoye kurman ɗa a ɗaki in baƙi sun zo. Bayan waƙar nan na ga iyaye suna shigowa ajina da yaran da maƙwabta ma ba su san da su ba. Cikin ɗaliban da na yaye, yau akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai 'yar mawaƙiyarmu da ke zanen kaya, ga ta can kusa da ita.

Na uku, kuma shi ne ya tsayar da ni a nan. Ƙarshen zangon nan zan yi ritaya. Yatsuna sun fara ƙin lanƙwasuwa, da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su yi magana. An shaida mana ba a da malamin da za a turo, don haka za a rufe ajin, a raba yaran cikin sauran azuzuwa. Ranka ya daɗe darakta, na san ka da adalci, shi ya sa nake faɗa a gabanka: yaron da aka zaunar gaban malamin da ke magana da baki kawai, zaman kallo zai yi har a tashi. Abin yana hana ni sukuni.

Kuma ajin ya yi sabuwar ɗaliba, ta ba ni izini in faɗa. Shekarun da mawaƙiyarmu ta yi tsaye gaban manyan sifikoki sun cinye jinta. Abin da ya sa ta ajiye waƙa ke nan. Maganar hannunta ta gida ce, ci abinci, kwanta, ina son ki. Doguwar hira ni nake tsaya musu ita da 'yarta. Yanzu kullum tana bencin baya, gwiwoyinta sun tokare tebur, kuma gaskiya ba ita ce ta ɗaya a aji ba, yara na gyara mata suna dariya. Ta ce mini, "Malama, kada ki tafi sai na iya hira da 'yata ba ke a tsakani."

Tun safe ake yabon ta a zauren nan, an ba ta lambar girma, an tafa. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, a hannuna ta gani. Roƙona guda ne: a turo malami ɗaya tun yatsun nan suna motsi, in koya masa, ya karɓe ni. Ta hana a bar yaran nan a lungu, kada mu bar ta a can tare da su.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace. Allah ya raya mana yaran nan, ya ba ƙanwata mawaƙiya lafiya da saurin ɗaukar karatu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.