Turamen Baba

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Habu daga Korgom.

Tun da mahaifina ya tashi daga sanƙarau, ko kwano ya faɗi sai ƙarar ta soke shi har ƙwaƙwalwa. Ran Juma'a ka sa kiɗan jaz, mai gangar yana duka kamar ana korarsa. Baba ya dafe kai. Na miƙa hannu zan kashe rediyo, ya ce, "Ƙyale shi, Habu. Yana sara mini kai, amma haka turame ke amsa juna shekarar da aka samu hatsi." Bana kuwa fari ya sa sun yi shiru.

Jama'a, in an sake sa kiɗan, in raba shi da ciwon kai, ko in bar masa turamensa?