Kalmar da Tsohuwa Take Amsawa da Amin

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai, 'yan'uwana iyaye, 'ya'yanmu ɗalibai, da ke Malamar Turanci da muka taru domin yi miki bankwana, assalamu alaikum.

Na gode da aka tsayar da ni, ni da sitiyari na sani, ba lasifika ba. An ce in faɗi alherin Malama a madadin iyaye. Kalma ɗaya zan ɗauka, 'yar mitsitsiya, wato "bai" ɗin nan na Turanci da yaranmu suke jefa mana idan za su fita.

Na farko, kalmar nan ta so ta raba mahaifiyata da jikarta. Tsohuwa ba ta sallamar mutum sai da addu'a, ko shago za shi. 'Yata kuwa sai ta saɓi jaka, ta ɗaga hannu daga bakin ƙofa: "Bai, Kaka!" Tsohuwa ta ce, "Ni za ki kora kamar kaza?" Ta daina amsa gaisuwarta, ta daina yi mata kitso, yarinya ta daina shiga ɗakin. Na yi lallashi, na yi faɗa, amma ina! Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na biyu, Malama ce ta lura da kan yarinya a tsefe, ta tambayi dalili. Da kanta ta zo gidanmu, ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa gaban gadon tsohuwa. Ta ce, "Mama, asalin kalmar nan doguwa ce. Turawan dā cewa suke yi, Allah ya kasance tare da kai. Gaggawa ce ta yi ta gutsurarta har ta koma haka." Tsohuwa ta ce, "Au! Ashe addu'a ja'irar take yi mini, ni ina harararta? Ku kira ta, ta taho da mataji."

Tun daga ranar, in yarinya ta ce "Bai, Kaka," sai tsohuwa ta ce "Amin." Bara ciwo ya kwantar da ita har ta daina gane mu, ni kaina ba ta gane ni. Wata safiya yarinya ta leƙa da jakarta, ta ce "Bai, Kaka" a hankali. Tsohuwa ta motsa leɓe ta ce, "Amin." Ba mu sake jin muryarta ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.