Mun Fasa Asusun Ƙwallo, an Ce Kuɗin Sun Mutu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Isuhu, daga Karakkai na zo Gusau koyon facin keke. Yaran unguwarmu masu buga ƙwallo suka ce ni zan riƙe musu kuɗi, tunda ba na shan taba. Duk Juma'a kowa ya kawo sisi ko taro in jefa a asusun laka, don mu sayi ƙwallon fata mu kara da 'yan Tsafe.

Da ruwa ya sauka sai na binne asusun, na koma gida noma. Can gona ba wanda ya gaya mini za a daina karɓar tsohon kuɗi. Bayan kaka na dawo, na tono asusun, muka fasa shi gaban mai kantin da ke sayar da ƙwallo. Ya ce, "Kai yaro, daga wane rami ka fito? Naira ake yi yanzu, wannan ko goro ba ya saye."

Ƙaraminsu, Sunday, ya fashe da kuka, don kuɗin kokonsa yake kawowa. Har yau ƙwallon tsumma suke bugawa, kuma sun daina gaishe ni.

Don Allah jama'a, akwai inda za a canza mana? Kuɗin na nan ƙulle cikin hulata, wallahi ko kwabo ban taɓa ba.