Babu Dama a Guangzhou

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Sunana Sabi'u, Bakano ne ni, ina saro takalma a Guangzhou. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ya zaizaye, har sallah a kujera nake yi. Ƙanina da ke Kanada ya ce can likitoci na rubuta man wiwi don wannan ciwo. Na tambayi likitana ta bakin tafinta, sai ya zaro ido ya ce, "Dama? Meyo!" Ashe da Sinanci dama ita ce wiwi, meyo kuwa babu. A nan kurkuku take kai mutum. Ni dai da Hausa na ji shi: babu dama.

Likitoci da malamai, ku ba ni shawara. Ba maye nake nema ba, so nake goshina ya taɓa ƙasa.